Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Fassara Fina-finan Koriya: Ku Bar Wa Sarki Yomra Sunansa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yan'uwana masu fassara fina-finan Koriya da ɗora musu muryar Hausa, manyanku da ƙananku, na Kano da Kaduna, na Jos da Maraɗi, har da masu shagunan tura fina-finai a waya, waɗanda ta hannunsu aikin yake shigowa gidajenmu. Ina gaishe ku, ina yi muku sannu da aiki. Allah Ya yi wa sana'a albarka.

Ni malamin makaranta ne, uban 'ya'ya huɗu, kuma na daɗe ina kallon fina-finan Koriya. Wannan takarda ba tawa ce ni kaɗai ba. Muna da majalisa da muke zama bayan la'asar, akwai tela a cikinmu, akwai direba, akwai ma'aikacin asibiti, dukanmu iyaye ne kuma dukanmu masu kallon aikinku ne. Mun tattauna wannan magana fiye da sau ɗaya, matanmu ma sun sa baki daga cikin gida, daga ƙarshe aka ce in rubuta a madadin kowa.

Kafin ƙorafi, godiya ta wajaba. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ba ta jin Turanci ko kaɗan, balle Koriyanci. Amma albarkacinku ta zauna da jikokinta ta bi labarin fadar sarakunan Koriya na dā, tana jin haushin mugun waziri, tana tausaya wa sarauniyar da aka zalunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Don haka abin da zan faɗa gyara kayanka ne, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Hajiya ta rasu a daminar da ta wuce. Mako uku bayan rasuwar na shiga ɗakin yara, sai na ga zane-zanen alli a bayan ƙofa, layi-layi, an jera su bakwai-bakwai. 'Yata mai shekara 9 ce ta yi su. Da na tambaye ta, sai ta ce: "Baba, yau kwana 21. Hajiya ta kai kotu ta uku ke nan ko?" Ban gane ba. Ta ƙara da cewa: "In ta ci duka bakwai ɗin, a gidan wa za a sake haifar ta? Ni dai ina so ta dawo gidanmu." Na zaunar da ita na ce wannan ai labarin fim ne, mu ba haka muka yi imani ba. Ta dube ni ta ce: "To ai mala'iku ne suka faɗa a ciki. Kuma da Hausa suka faɗa."

Wannan magana ta ƙarshe ce ta hana ni barci. Washegari na karɓi wayar yayanta, na nemo fassarar da suka kalla, na zauna da biro da takarda na bi ta daga farko har ƙarshe.

Fim ɗin shi ne wanda 'yan Koriya ke kira Singwa Hamkke, ma'ana "tare da alloli", wanda duniya ta fi sani da Along with the Gods. Darakta Kim Yong-hwa ne ya shirya shi, ya ɗauko labarin daga zanen barkwanci na intanet da Joo Ho-min ya fara wallafawa a 2010. Kashi na ɗaya ya fito a Disambar 2017, aka sayar da tikiti sama da miliyan 14 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 52 ba. Kashi na biyu ya biyo baya a Agustan 2018, shi ma ya haura miliyan 12. Labarin wani ma'aikacin kashe gobara ne, Jahong, wanda ya mutu wajen ceton wata yarinya, sai wasu 'yan rakiya uku suka zo suka tafi da shi domin ya bi ta kotuna bakwai cikin kwana 49: kotun kisa, ta lalaci, ta ƙarya, ta rashin adalci, ta cin amana, ta duka da cin zali, sai ta saɓa wa iyaye. Wanda ya tsallake su duka za a sake haifar sa a duniya.

Babban ƙorafinmu shi ne kalmomin da aka zaɓa. A fassarar da na bi, 'yan rakiyar nan uku an kira su mala'iku, shugabansu kuma mala'ikan mutuwa. Kotunan an kira su Jahannama. Shari'ar an kira ta hisabi. A wurare biyu ma, da ake nufin Sarki Yomra, babban alƙalin matattu a fim ɗin, sai na ji an ce "Ubangiji". Na san yadda aka yi hakan ta faru. Mafi yawanku daga rubutun Turancin da ke ƙasan allo kuke fassara, Bature ya riga ya sa wa abin kalmomin coci, ku kuma kuka sauya su da na masallaci domin mai kallo ya gane da sauri. Niyyar ba mummuna ba ce. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma ga inda ya gaza.

Waɗannan 'yan rakiya, da Koriyanci sunansu josung saja ko chasa, wato ɗan aiken ƙasar matattu. A tsohon hoton da 'yan Koriya suka sani, mutum ne cikin baƙar riga da baƙar malafa da aka saƙa da gashin doki, yana riƙe da takardar sunan wanda zai ɗauka. Shi jagoran nasu, Gangrim, sunansa ya fito ne daga wata tsohuwar waƙar bokayen tsibirin Jeju, inda yake mutum ne ma'aikacin hakimi, aka aike shi ya kamo Sarki Yomra, sai Yomra ya ga jarumtarsa ya riƙe shi a matsayin yaronsa. Kun ga ke nan dogari ne. A kashi na biyu na fim ɗin an nuna ƙarara cewa su ukun mutane ne da suka rayu shekara 1000 da ta wuce, zamanin daular Goryo, kuma Gangrim ne ya kashe sauran biyun da hannunsa. Aikin rakiyar da yake yi horo ne, yana ɗauke da tunanin laifinsa shekara 1000 yana neman bakin da zai roƙi gafara. Duk nauyin labarin a nan yake. To yaron da aka koya wa a Islamiyya cewa mala'iku ba sa saɓa wa Allah, in ya ji an kira wannan mutum mala'ika, ɗayan biyu ne: ko ya rasa gane fim ɗin, ko ya fara shakkar abin da malaminsa ya faɗa. Babu alheri a ko ɗaya.

Shi Yomra kuwa, asalinsa Yama ne na mutanen Indiya. Addinin Buda ne ya ɗauke shi ya bi da shi ta ƙasar Sin, har ya iso Koriya, inda addinin ya shiga masarautar Goguryo a shekarar 372. A ƙasar Sin ne aka tsara shi cikin sarakuna goma masu yi wa matattu shari'a, bakwai na farko kowane bayan kwana bakwai har 49, na takwas a kwana na 100, na tara a cikar shekara, na goma a shekara ta uku. Har yau in ka shiga manyan wuraren ibadar Buda a Koriya za ka tarar da ɗaki na musamman da aka jera siffofin waɗannan sarakuna, kowanne da rigar alƙali da magatakarda a gefensa, ga madubin da ake cewa yana nuna wa mamaci ayyukansa. Yomra ɗaya ne cikin goma. Bai halicci kowa ba, ba ya rayawa, ba ya azurtawa. A fim ɗin ma an bayyana a ƙarshe cewa shi kansa mutum ne a dā, mahaifin Gangrim, wani janar na yaƙi da aka ba wa muƙamin bayan mutuwarsa. Wannan ne aka ɗora wa sunan da muke kiran Mahaliccinmu da shi. Wallahi da na ji haka sai da na tsayar da wayar na yi istigfari.

Kalmar Koriyanci ta "sin" ko "shin" da ke farkon sunan fim ɗin, wadda ake fassarawa da "alloli", ita ma tarko ce. A wurinsu ta haɗa har da abin da ke tsare gida, da mai tsare murhu, da mai tsare makewayi. Songju, wanda Ma Dong-seok ya fito a matsayinsa a kashi na biyu, mai tsaron gida ne da ke zaune a cikin tulu, in tulun ya fashe shi ke nan ya ɓace. Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan tunani, ya san iskoki, ya san tsafin gida na mutanen dā, yana da kalmomin da zai kira su ba tare da ya taɓo sunan Allah ba.

Haka maganar wuta. Jahannama a wurinmu makoma ce bayan tashin ƙiyama. Su kuwa waɗannan wurare na fim mashiga ce, a yi maka hukunci, in ka gama wa'adinka ka wuce, zagayen mutuwa da sake haihuwa ya ci gaba da juyawa. A ainihin koyarwar Buda ma sake haihuwa ba lada ba ce, wahala ce da ake neman kuɓuta daga gare ta gaba ɗaya. A fim ɗin kuwa an nuna ta a matsayin kyauta. Mu kuma Alƙur'ani ya riga ya rufe wannan ƙofa a Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, inda wanda mutuwa ta zo wa yake roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aiki, aka ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar da za a tashe su. 'Yan'uwanmu Hausawa Kiristoci su ma ba su yarda da dawowar rai a wani jiki ba, kuma 'ya'yansu suna kallon fassarar nan tamkar namu.

Abin da ya ƙara rikita 'yata shi ne lissafin kwanaki. Ta ga an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ta ji ana shirin ta arba'in. A fim kuma ta ji bakwai-bakwai har 49. A Koriya da gaske ne iyalai da yawa suna yin addu'ar kwana 49, suna kai abinci da kyauta wurin ibada domin a sassauta wa mamacinsu a gaban sarakunan nan. Yarinya ta haɗa biyu da biyu, kuma ba laifinta ba ne, tunda babu wanda ya gaya mata cewa waccan al'adar wasu mutane ce masu nasu addinin. Mu ma ai muna da ɓurɓushin irin wannan tunani daga zamanin dā, maganar ɗan wabi da ake cewa shi ne yake tafiya yana dawowa, har ake sa masa suna irin su Ajuji ko Ayashe. Malamai sun sha wahala kafin su raba mutane da wannan. Bai kamata ya dawo mana ta cikin waya, sanye da kalmomin Alƙur'ani ba.

Kada a ɗauka addininmu kaɗai aka cuta. An cuci 'yan Koriya ma. Ƙidayar da suka yi a 2015 ta nuna kashi 56 cikin 100 na mutanen Koriya ta Kudu ba sa bin wani addini, Kiristoci sun kai kusan kashi 28, mabiya Buda kashi 15 da ɗoriya. Ke nan yawancin waɗanda suka cika gidajen sinima ba wa'azi suka je ji ba. Sun je ganin tatsuniyar kakanninsu ce an yi mata ado da fasahar kwamfuta, kuma sun je yin kuka a kan iyayensu mata. In aka goge sunayensu aka sa namu, mai kallo zai tashi bai san komai game da mutanen ba, sai ya ɗauka wasu kafirai ne suke kwaikwayon lahirarmu suna yi mata ƙarya. Na ji wannan magana da kunnena a bakin wani dattijo. Alhali mutanen ko tunaninmu ba su yi ba lokacin da suke shirya abinsu.

Ƙorafi na biyu shi ne raha a inda ba wurinta ba. Mun sani, barkwanci shi ne gishirin fassarar Hausa, kuma wani fim ɗin ba don shi ba da ba zai kallu ba. Amma ku dubi kotu ta bakwai. A nan ne aka tona cewa Jahong, yana matashi, talauci da ciwon mahaifiyarsa bebiya sun kai shi bango, har wani dare ya ɗauki matashin kai ya tsaya a kanta da niyyar ya kashe ta, ya kashe ƙanensa, ya kashe kansa. Bai iya ba. Kunya ta sa ya gudu daga gida, shekara 15 bai koma ba, yana aiki dare da rana yana aiko musu da kuɗi. Sai a gaban Yomra ya ji cewa ashe a daren nan idon uwar biyu, ta san komai, ta yi shiru ne don tana ganin mutuwarta za ta sauƙaƙa wa 'ya'yanta. Kyautar da ya saya mata bai samu ya kai ba tukunyar lantarki ce mai yin ƙanzon shinkafa. Daga nan uwar ta yi magana a mafarki, ita da ba ta taɓa magana ba, ta ce laifinta ne, ta yafe. Yomra ya yage takardar hukunci, domin a dokarsu laifin da aka yafe da zuciya ɗaya a duniya ba a sake shari'arsa.

A daidai wannan wuri, a fassarar da na kalla, an sa wa ɗaya daga cikin 'yan rakiyar wata zolaya a kan tuwo da miyar kuka. Yarana suka fashe da dariya. Wurin da ya fi kowane kusa da tarbiyyarmu, hakkin uwa, wanda 'yan Koriya ke kira hyo suka gada daga koyarwar Konfushiyas, tsohon malamin hikima na ƙasar Sin, wadda ta mulki ƙasarsu tun kafuwar daular Joson a 1392, shi ne aka ɓarar. An ba yara abin da zai rikita musu aƙida, an hana su abin da zai sa su tashi su je su gaishe da uwarsu.

Akwai kuma yanke-yanke. Na lura a wasu fassarorin ana cire wuraren da ake ruku'u gaban siffar Buda, ko inda ake jera abinci a tebur domin kakanni. Na fahimci dalili, ana gudun nuna shirka. Sai dai waɗannan wurare su ne alamar da ke gaya wa yaro cewa abin na wasu ne. An cire alamar, an bar aƙidar tana magana da harshen Islamiyya.

Sauran ƙorafe-ƙorafe biyu gajeru ne. Wannan fim a Koriya an ƙayyade shi ga 'yan shekara 12 zuwa sama, wani shirin talabijin nasu, Dokkebi, na 2016 mai ɗan aiken matattu da ke ba mamata shayin mantuwa kuma 'yan 15 ne, amma a shagon turawa babu mai tambayar shekarun yaro, kuma babu wata alama a kan fayil ɗin. Sannan ana sauya sunan fim, a share sunan darakta da ƙasar, har yara suna kiran komai "fim ɗin Chaina". Wanda ya yi wahalar aiki ya cancanci a ambaci sunansa, kuma neman izininsa shi ne daidai.

Ga abin da muke roƙo.

Ku keɓe kalmomin nan ku daina sa su a bakin waɗannan jarumai: Allah, Ubangiji, mala'ika, Azara'ilu, Jahannama, Aljanna, hisabi, siraɗi, barzahu. Hausa ba ta yi talaucin da za ta rasa madadinsu ba. Ku ce Sarki Yomra, ku ce dogaran Yomra ko 'yan rakiyar matattu, ku ce ƙasar matattu, kotun ƙarya, gidan horo, kurwa, fatalwa, mai tsaron gida. Inda babu kalma, ku bar ta Koriyancin. Masu kallon da suka haddace sunayen jaruman Indiya ba za su kasa riƙe "chasa" ba.

Ku ƙara minti ɗaya ko biyu a farkon irin waɗannan fina-finai, da muryarku da mutane suka saba da ita, ku ce: wannan labari ne daga Koriya ta Kudu, an gina shi a kan tatsuniyoyinsu da addinin Buda, ba koyarwar Musulunci ko Kiristanci ba ce. Kuna da lokacin tallata sutudiyo da gaishe da abokan ciniki a tsakiyar fim, wannan ba zai gagare ku ba.

Ku rubuta shekarun da suka dace a jikin sunan fayil, ku kuma masu shago ku duba fuskar wanda ya miƙo muku waya ko memori. In wurin kuka ya zo, ku bar mutane su yi kukansu. Kuma kafin ku shiga ɗaukar murya, ku sa mutum ɗaya ya yi bincike na yini guda a kan al'adar da ke cikin labarin, ya zauna da wani malami su duba kalmomin tare.

Ba mu rubuta wa hukumar tace fina-finai ba, kuma ba ma kira a hana. Hani zai tura yara ne su nemo abin a ɓoye, inda babu babba kusa. Ku muka rubuta wa domin makirufo a hannunku yake, kuma muryarku tana shiga ɗakunan da tamu ba ta kaiwa. Mu ma iyaye mun karɓi namu laifin na sakin waya a hannun yara ba tare da mun duba ba, kuma mun fara gyarawa. Ni dai na sake zama da 'yata mun kalli fim ɗin tare, ina tsayarwa ina yi mata bayani, daga baya ta ɗauko tsumma ta goge zanen allin da kanta, muka yi wa Hajiya addu'a.

In akwai sutudiyon da ke son a taya shi tsara jerin kalmomin da za su maye gurbin waɗancan, majalisarmu a shirye take, ba tare da ko kwabo ba. Takardar da na cika ranar nan tana nan a ajiye, da minti da daƙiƙar kowane wuri.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani uba, malamin makaranta, a madadin iyaye masu kallo.